Wutar Sola a Kan Ruwa: Ruwan Na Wa, Wutar Ta Wa?

Ya ku iyayenmu da 'yan'uwana ɗalibai, ina so ku ba ni aron hankalinku kaɗan in gaya muku abin da na koyo a hutun da ya wuce game da wata dabara ta samun wutar lantarki don noman rani, da kuma dokokin da suke kewaye da ita. Na san wani zai ce ina ruwan yaro ɗan shekara goma sha shida da maganar doka. To, ai wanda ƙaya ta soka shi ya san zafinta, ni kuwa wannan ƙaya har cikin akwatina na makaranta ta biyo ni.

Mahaifina manomin rani ne a ƙasar Gwaram. Lambunsa yana kusa da kogi, yana shuka tumatir da albasa da attaruhu, wata shekara kuma ya taɓa alkama. Kakana da jigo ya yi ban ruwa a wannan wuri, yana ɗaga guga tun asuba har rana ta take. Da injin ban ruwa mai shan fetur ya yawaita a shekarun 1980 da 1990, musamman da shirin Fadama na Bankin Duniya ya zo, sai jigo ya zama labari, lambu kuma ya ƙara faɗi. Ana nan haka sai ran 29 ga Mayu 1993 ta zagayo sau talatin, watau ran 29 ga Mayu 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin fetur ya ƙare. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000 a wurare da yawa. A ranin da ya biyo bayan cire tallafin Baba bai iya shayar da fiye da rabin lambunsa ba. Da zan komo makaranta na ga garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukarin da akan haɗa mini sun ragu. Ba wanda ya ce mini kome, ni ma ban tambaya ba, amma na san dalili.

Wannan ya sa ran da malaminmu na labarin ƙasa ya nuna mana hoton faranta sola suna shawagi a kan tafkin madatsar Bui ta ƙasar Ghana, sai na ji kamar an sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Malam ya ce kowa ya zaɓi abin da zai bincika a hutu, ni kuwa na zaɓi wannan. Ina isa gida, bayan an yi sallar isha'i an ci tuwo, na durƙusa na kwashe labari duka na gaya wa Baba, har ina cewa in an yi irin wannan a ƙasarmu shi da fetur sai dai labari. Ya saurare ni har na gama, sa'an nan ya ce, "To, kai yaro, na ji. Amma ruwan da za a shimfiɗa abin a kansa, na wane ne? Wutar in ta fito ta wace ce? In abin ya lalace wa zai gyara?" Na yi shiru, don ba ni da amsar ko ɗaya. Waɗannan tambayoyi uku su ne suka ci mini sauran hutuna.

Yadda abin yake

Da farko bari in bayyana abin kansa. Farantin sola dai kowa ya san shi, ga shi nan a kan rufin masallatai da asibitoci da rijiyoyin burtsatse. Hasken rana ya faɗa masa, shi kuma ya mai da shi wutar lantarki. Bambancin na kan ruwa shi ne ana ɗora farantan a kan wasu robobi masu iska a ciki, kamar yadda masunci yake hawa gora ya shiga ruwa bai nutse ba. Ana harhaɗa robobin su zama kamar ƙatuwar tabarma, a ɗaure ta da igiyoyi masu ƙarfi a gaɓa ko a ƙarƙashin ruwa, a bar wa igiyar ɗan sassauci domin ruwa yana cika yana raguwa. Daga nan waya ta ɗauko wutar zuwa tudu, ta juya famfo, famfo ya tura ruwa cikin bututu ko magudana zuwa gonaki. Da yake da rana ake ban ruwa, ba lalle ne a sayi batir ba, ana iya tara ruwan a tanki mai tsawo ya gangara da kansa.

An fara gwada wannan dabara a lardin Aichi na ƙasar Japan a 2007. A 2008 wasu masu gonar inabi a Kalifoniya ta Amurka suka shimfiɗa faranta a kan kududdufin da suke ban ruwa da shi, saboda ba su so su sare inabinsu don samun fili. A 2012 Jihar Gujarat ta Indiya ta rufe wani yanki na magudanar ban ruwa da faranta masu ba da megawat 1, amma su a kan ƙarafa suka kafa su, ruwa yana wucewa ta ƙarƙashi. Na Bui da Malam ya nuna mana megawat 5 yake bayarwa a 2023, a kan tafkin madatsar da aka gama a 2013 a kan Baƙin Volta.

Amfaninsa iri uku ne. Na ɗaya, ba ya cin gona. Hekta ɗaya, wadda ta ɗara filin ƙwallonmu kaɗan, takan ɗauki faranta na kimanin megawat 1, in kuwa a kan ruwa aka sa su, hektar nan ta tudu ta tsira don gero da dawa. Na biyu, farantin sola haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Duk digiri ɗaya da ya hau sama da 25, yana asarar kusan rabin kashi ɗaya cikin 100 na ƙarfinsa, sanyin ruwa kuwa yana taimaka masa, musamman a watannin Maris da Afrilu. Na uku, inuwarsa tana rage ruwan da rana da iska suke sha. A ƙasashenmu na Arewa buɗaɗɗen ruwa yakan rasa kusan mita 2 na zurfinsa a shekara ta wannan hanya. Ku ɗauki alƙalami mu yi lissafi: hekta ɗaya murabba'in mita 10,000 ce, a ninka da 2 ya ba da mita kubik 20,000, watau lita miliyan 20, ko kuwa duro 100,000 mai cin lita 200. Farantan ba za su tsare wannan duka ba, amma ko wani kashi suka tsare, mai lambu ya san darajarsa a ƙarshen rani.

Sai dai kowane allazi da nasa amanu. Kuɗin kafa shi ya fi na tudu tsada saboda robobi da igiyoyi. Ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye suna dushe farantan, dole a riƙa wankewa. Iska mai ƙarfi tana iya yi masa ɓarna, kamar yadda guguwa ta yi a madatsar Yamakura ta Japan a watan Satumba 2019, ta tattara farantan wuri guda har gobara ta tashi. In an rufe ruwa da yawa haske da iska ba su isa ƙasa ba, kifi ya wahala. Har wa yau abin ba ya son ruwa mai gudu. Kogin da yake kusa da lambunmu da damina yakan cika ya yi toroƙo ya ɗauke duk abin da ya tarar, da rani kuma ya janye ya bar rairayi. Saboda haka na gane tun da wuri cewa wurin wannan dabara shi ne madatsa, irin ta Birnin Kudu ko ta Warwade kusa da Dutse, waɗanda aka gina tun muna cikin tsohuwar Jihar Kano, ko manya irin su Tiga da aka gama a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, da Challawa ta 1992. Ko a madatsar ma sai an auna inda ruwa ba ya ƙafewa, kada farantan su zauna cikin taɓo.

Ruwan na wa?

Yayana, ɗan wan mahaifina, yana karatun lauya a jami'a, shi ma ya zo hutu. Na kai masa tambayoyin Baba. Ya yi dariya ya ce, "Ƙanena, ai Baba ya yi maka tambayar da take ba lauyoyi abinci." Ya buɗe mini dokokin a wayarsa, muka yi kwana da kwanaki muna bi yana fassara mini.

Dokar Albarkatun Ruwa ta 1993 ta ce duk ruwan da ya shafi jiha fiye da ɗaya, na sama ne ko na ƙarƙashin ƙasa, ikon sarrafa shi yana hannun Gwamnatin Tarayya. Kogin da ya ratsa ƙasar Gwaram daga tsaunukan Jos ya taso, ya bi ta Jihar Bauchi, ana ce masa Bunga ta sama, Jama'are ta ƙasa, har ya je ya haɗu da Kogin Hadeja su zama Yobe. Ashe ruwan da Baba yake ɗiba ya ga gwamnoni da dama kafin ya iso gare shi, wasu kuma suna jiransa a gaba. Don irin wannan ne aka kafa hukumomin raya koguna a 1976, cikinsu har da Hukumar Raya Kogunan Hadeja da Jama'are mai hedkwata a Kano, wadda take kula da Tiga da Challawa da aikin ban ruwa na Kadawa da na Auyo. Wasu ƙananan madatsu kuwa suna hannun jiha. Ke nan matakin farko shi ne a san mai madatsar, don a gare shi za a nemi izini.

Amma akwai wani sashe na wannan doka da ya faranta mini rai, ina kuma so kowane uba ya san shi. Dokar ta ce kowa yana iya ɗibar ruwa kyauta don aikin gida da shayar da dabbobinsa daga duk ruwan da jama'a suke da hanyar zuwa gare shi, yana iya yin su, yana iya tuƙa kwalekwale. Wanda kuma yake da haƙƙin zama a kan fili yana iya ɗibar ruwan ƙarƙashin filinsa ko na kogin da ya yi iyaka da shi don ban ruwan gonarsa, ba da biyan ko kwabo ba. Watau masunci da makiyayi da mai lambu da matar da take wanki suna da haƙƙi a rubuce. Duk wanda zai shimfiɗa faranta a kan ruwa ya tarar da masu haƙƙi a wurin tun kafin ya zo.

Gaɓar ta wa?

Faranta suna kan ruwa, amma turakunsu da wayoyinsu da ɗakin famfo da hanyar mota duk a kan ƙasa suke. Nan kuma wata doka ce take aiki, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978. Ita ta sa dukan ƙasar jiha a hannun Gwamna, ya riƙe ta amana don jama'a. A karkara ƙaramar hukuma ce take ba da haƙƙin zama na gargajiya, har zuwa hekta 500 don noma, ko 5,000 don kiwo, abin da ya wuce haka sai da yardar Gwamna. Gwamna yana iya karɓe fili don amfanin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta amfanin gona ce da gine-gine da sauran aikin da aka yi a kan filin. Yayana ya ce a nan ne talaka ya kamata ya buɗe ido, domin filin bakin madatsa shi ne mafi albarka, shi ne kuma mashayar shanu take, burtali yake ɓullowa. In aka kewaye shi da waya ba shawara, an shuka rigima tsakanin manomi da makiyayi, alhali kuwa cewa aka yi an zo taimako.

Wutar ta wa?

A da, maganar lantarki kusan duka ta Tarayya ce. A watan Maris 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a gyaran tsarin mulki wanda ya ba jihohi ikon samar da wuta da rarraba ta ko da a inda layin ƙasa ya kai, a watan Yuni na shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a sabuwar Dokar Lantarki ta 2023. Jihar da ta yi tata dokar ta kafa tata hukumar tana iya karɓar kula da kasuwar wutar cikinta daga hannun hukumar ƙasa, wadda ake kira NERC. Ƙa'idojin da NERC ta fitar a 2016 ta sabunta a 2023 sun ce ƙaramar tashar ƙauye da ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, wadda ta wuce haka har zuwa megawat 1 sai ta nemi izini. Manomin da ya kafa faranta kaɗan don famfonsa shi kaɗai ba ya bukatar lasisi. Amma da zarar an fara sayar wa wasu wuta, sai maganar farashi da mita da haƙƙin mai saye ta taso. Ga kuma Dokar Auna Tasirin Ayyuka a Kan Muhalli ta 1992, wadda ta ce kafin a fara babban aiki sai an binciki abin da zai yi wa ruwa da ƙasa da mutane, a kuma ba jama'a damar faɗin albarkacin bakinsu.

Ku duba fa, abu ɗaya ne yake shawagi a kan ruwa, amma ruwan yana iya zama na Tarayya, gaɓar tana hannun Gwamna da ƙaramar hukuma, wutar tana da tata hukuma, muhalli yana da tasa. Dokar ƙasa da ta ruwa kuma an rubuta su tun kafin 2007, lokacin ba wanda ya taɓa ganin faranti a kan tafki, don haka ba su faɗi ko kashi nawa na fuskar ruwa za a rufe ba, ko nisan da za a bari daga gaɓa. Jamus ta riga ta yi wannan. Daga farkon 2023 dokarta ta ce a kan ruwan da mutum ya haƙa ko ya sarrafa kaɗai za a sa faranta, kada su rufe fiye da kashi 15 cikin 100 na fuskarsa, kuma a bar mita 40 daga gaɓa. Ba na cewa mu kwafi lambobinsu ido rufe, gama su ba su da garken shanu da yake gangarowa mashaya da azahar. Abin koyi shi ne sun zauna sun yanke iyaka tun kafin rigima ta taso. Na kuma lura da cewa a Bui hukuma ɗaya ce take da madatsar da farantan, a Kalifoniya mai gonar shi ne mai kududdufin. Inda mai ruwa da mai wuta mutum ɗaya ne abin yana da sauƙi. Mu kuwa ruwanmu na mutane da yawa ne.

Wa zai gyara?

Wannan tambaya ta uku ba a littafin doka na sami amsarta ba, a wani ƙauye kusa da namu na gan ta. An taɓa kafa musu rijiyar burtsatse mai sola, aka yi biki aka yi tafi. Bayan 'yan shekaru wata na'ura ta ƙone, aka rasa wanda zai saya, domin ba a taɓa tara ko sisi don gyara ba, kowa yana cewa kayan gwamnati ne. Daga baya aka wayi gari an kwance faranta biyu da dare. Yau mata sun koma rijiyar guga. Haka kayan da ba su da mai su suke zama. In rijiya guda ta gagara riƙo, ina ga tabarmar faranta a tsakiyar ruwa?

Shawarata

Ni ɗalibi ne, ba injiniya ba ne, ba kuma lauya ba, amma ga abin da na tattaro. Na ɗaya, kafin a sa ko faranti guda a kan wata madatsa a ƙasar Birnin Kudu ko Gwaram, a tabbatar da mai madatsar, a karɓi izininsa a rubuce. Na biyu, a zauna gaban dagaci da hakimi, a kira Sarkin Noma da Sarkin Ruwa da Arɗo da wakilan mata, kowa ya nuna inda yake su, inda yake shayarwa, inda yake wanki, a zana a takarda, a bar waɗannan wurare. Waɗannan sarautu sun daɗe suna raba gardamar ruwa tun kafin a rubuta doka. Na uku, manoma su kafa ƙungiya mai rajista, kowa ya riƙa biyan wani abu gwargwadon ruwan da ya sha, a ajiye kuɗin a banki da sa hannun mutum uku, a karanta lissafi a bainar jama'a bayan kowace kaka. Na huɗu, a rubuta wanda zai gyara, da wanda zai yi gadi, da wanda zai biya in iska ta yi ɓarna ko wuta ta ja wani, a kuma koya wa samarin garin aikin. Na biyar, 'yan majalisarmu na Dutse su yi ƙa'idar da za ta faɗi iyakar abin da za a rufe na fuskar ruwa. Takardar yarjejeniya kuma a rubuta ta da Hausa, da boko da ajami, kada a sa dattijo ya dangwala yatsa a kan abin da bai ji ba.

Daren da zan komo makaranta na sake durƙusawa gaban Baba na ba shi amsoshin nan ɗaya bayan ɗaya. Na kuma gaya masa gaskiya cewa lambunsa ba ya bukatar faranti mai iyo, tun da koginmu ba ya zama wuri ɗaya, abin da ya dace da shi faranta ne kaɗan a kan tudu da ƙaramin famfo, kuma doka ba ta hana shi ba. Ya yi murmushi ya ce, "To, madalla. Da ka zo da labari, yanzu ka zo da magana." Ya ce shi da Kawu da wasu maƙwabta biyu za su fara adashi bayan an sayar da albasa, amma kafin su sayi kome sai sun je gaban mai unguwa an rubuta wanda zai riƙe, da ranar ban ruwan kowa. Ni aka ba aikin rubutawa.

Ya ku 'yan'uwana ɗalibai, cikinmu akwai injiniyoyin gobe da lauyoyi da malaman gona, wannan aiki kuwa yana bukatar dukanmu a tabarma ɗaya. Ya ku iyayenmu, in wani ya zo muku da takarda da alkawarin wuta kyauta, ku marabce shi, ku ba shi ruwa ya sha, sa'an nan ku yi masa tambayoyin nan uku. Allah ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani, amin.